Sabon ɗaki mai banɗaki a ciki ko gyaran tsohon banɗaki: wanne ya kamata ka fara?

Watannin baya ƙanwata ta kira ni da wata tambaya da ta hana su sakat ita da mijinta. Sun ɗan tara kuɗi, gidan nasu kuma yana kukan abu biyu a lokaci guda. Banɗakinsu guda ɗaya tilo ya tsufa, bangonsa har ya fara jiƙewa ta waje. Yara kuma sun tasa, ɗakuna sun yi musu kaɗan. Ta ce, "Yaya, mu fitar da sabon ɗaki mai banɗakinsa a ciki mu huta gaba ɗaya, ko kuwa mu fasa wannan tsohon mu sabunta shi?" Na ce kafin in amsa mata, ta je ta dafa bangon da ke bayan banɗakin ta gaya mini abin da ta ji. Ta dawo ta ce da sanyi, fentin ma ya kumbura, tana taɓawa yana marmashewa. Na ce to rabin amsar ke nan a tafin hannunki.

Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan ayyuka biyu kamar wa da ƙani, tunda kowanne akwai tayil da famfo da masai a cikinsa. Sai su riƙa auna su da nauyin aljihu kawai: in kuɗin da kauri a yi ɗaki, in kaɗan ne a gyara banɗaki. Ni ban yarda da wannan awon ba. Kowanne da ciwon da yake warkarwa. Ƙarin ɗaki maganin matsi ne, wato gida ya yi wa mutanensa kaɗan. Gyaran banɗaki kuwa maganin lalacewa ne, wani sashe na ginin ya fara cin sauran. Matsi akwai takura, amma ana iya haƙuri da shi shekara biyu ko uku yana nan yadda yake. Ruwan da ke tsiyaya a cikin bango ba ya jiran kowa. Kullum sai ya ƙara ɓarna, ko kana da kuɗi ko ba ka da su.

Saboda haka fara da sanin ainihin abin da ke damun gidanka. Ɗauki mako guda ka zuba ido. Layin da ake yi da safe a ƙofar banɗaki, na masu wanka ne ko na masu neman kewayawa? Mutum nawa ke kwana a inda bai dace ba? Cunkoson mai daɗewa ne, ko nan da shekara uku manyan yaran za su tafi karatu ko aiki su bar ka da ɗakuna wayam? Sannan ka koma kan ginin kansa. Ɗauki makulli ka riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa da na bango. Wanda ya kama siminti ƙararsa a dunƙule take, wanda ya saki kuwa za ka ji yana amsa kuwwa kamar ganga. In banɗakin a bene yake, dubi silin ɗin da ke ƙarƙashinsa ko akwai tabo. Rufe duk famfunan gidan, ka duba mitar ruwa ko ka yi wa tanki alama, ka dawo bayan awa biyu. Idan ruwan ya ragu, akwai inda yake zurarewa a ɓoye, kuma wannan labarin ya fi labarin matsi gaggawa.

Gyaran banɗaki hawa-hawa ne, kuma ana yawan cakuɗa su a baki. Akwai gyaran fuska: fenti, sabon kan famfo, sabuwar shawa, madubi, fitila. Wannan aikin 'yan kwanaki ne, ba ya buƙatar dogon nazari, in banɗakinka lafiyarsa ƙalau yi abinka. Akwai na tsakiya, inda ake ɓamɓare tayil duka, a canza bututu, a sa maganin hana ruwa shiga, a mayar da komai mazauninsa na da. Sai na ƙarshe, inda ake sauya wa masai ko shawa wuri. Tazarar kuɗi tsakanin na biyu da na uku tana ba mutane mamaki, amma dalilinta a fili yake. Bututun masai inci 4 ne, kusan milimita 110, kuma dole ya kwanta a gangare, kamar santimita 2 zuwa 2.5 a kowace mita, don ruwa ya tafi da ƙazanta da kansa. Matsar da masai da mita ɗaya kacal yana nufin fasa daɓen ƙasa, a sake haƙa, a sake nemo gangaren har zuwa inda bututun ya haɗu da babban layi. A bene kuwa abin ya fi haka wuya, domin fasa kankare ne. In tsarin da kake da shi ba ya cutar da kowa, bar masai a inda yake, ka zuba kuɗin a abin da ido ba ya gani.

Abin da ido ba ya gani shi ne ainihin banɗaki. Na koyi wannan ranar da muka fasa namu. Niyyata canza tayil ce kawai, don ya dushe kuma wasu sun tsage. Leburori suna ɗaga layin farko na kusa da shawa, sai wani wari na ruɓaɓɓen danshi ya cika wurin. Simintin da ke ƙasa ya yi baƙi ƙirin, kana murza shi da yatsa yana wargajewa kamar jiƙaƙƙen yashi. Mai aikin famfo ya yanko guntun tsohon bututun ƙarfe daga bango, ya miƙo mini ya ce, "Maigida, leƙa ka gani." Tsatsa ta cinye cikinsa har ramin da ya rage ƙaramin yatsana ba zai shiga ba. Shekara da shekaru ina zargin tanki da rashin ƙarfin ruwa, ashe ciwon yana cikin bangona. Wanda ya yi aikin farko ya dogara da tayil shi kaɗai, bai sa komai a ƙarƙashinsa ba.

Wannan kuskuren ya yaɗu ƙwarai. Tayil ado ne da sauƙin wanki. Farin simintin da ake cike tsakaninsa da shi yana shan ruwa, yana kuma tsagewa da daɗewa. Abin da ke tare ruwa da gaske shi ne maganin da ake shafawa a kan daɓe da filasta kafin a ɗora tayil, shafi biyu aƙalla, tare da ƙyallen ƙarfafawa a kusurwoyi da bakin magudana, domin a nan ruwa ya fi samun kafa. Ana hawar da shi bango kamar santimita 15 a zagayen ɗakin, a wurin shawa kuma har mita 1.8. Bayan ya bushe sai a toshe magudana, a cika ƙasan da ruwa, a bar shi awa 24 ko fiye, a duba ko ya ragu ko ya ɓullo ta wani gefe. Duk ma'aikacin da ya ce maka wannan gwajin ɓata lokaci ne, ka nemi wani. Kwana ɗaya ne kacal, kuma shi kaɗai ne lokacin da za ka iya kama yoyo ba tare da ka fasa sabon tayil ba. Daɓen kansa ya gangara zuwa magudana da kamar santimita 2 a kowace mita. Kafin ka sallami mai tayil, watsa bokitin ruwa a ƙasan ka tsaya ka ga inda ya nufa.

Wari ma yana da dalilinsa. A ƙarƙashin kowane abin wanke hannu da kowace magudana akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ruwa kamar santimita 5, wannan ɗan ruwan shi ke hana iskar masai dawowa ɗaki. In babu shi, ko babu bututun shaƙar iska da ke fita sama da rufi, turaren duniya ba zai raba ka da warin ba. Sai wuta. Ruwa da lantarki a ɗaki ɗaya, mutum kuma ba takalmi jikinsa a jiƙe, ba wurin yin arha ba ne. A sa na'urar da ke katse wuta nan take da zarar ta fara zurarewa, mai ƙarfin miliamfiya 30, a tabbatar hita tana haɗe da wayar da ke sauke wuta ƙasa. Fankar zuƙe tururi ta fitar da shi waje can, kada a sake shi cikin silin ya je ya ruɓar da katako.

Gyaran yana zuwa da wata riba da ba a cika lissafawa ba. Tsofaffin masai suna zubar da kusan lita 13 a kowane ja, na yanzu lita 6, masu maɓalli biyu ma lita 3 a ƙaramin ja. Gida mai mutum shida, kowa ya ja sau biyar a yini, bambancin ya haura lita 200 kullum. In gidan tsoho ne sosai kuma, a yi hattara wajen fasawa. Tsofaffin allunan silin da na rufi da wasu tayil na roba suna iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare wanda ƙurarsa ke lalata huhu bayan shekaru, shi ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara. Kada a kankare irin waɗannan a bushe yara suna gidan.

Duk da haka, gyaran banɗaki ba zai ƙara maka ko taki ɗaya na fili ba. In mutum takwas ne ke jiran ƙofa ɗaya, bayan gyara ma mutum takwas ɗin ne, sai dai su jira a bakin ƙofa mai kyau. In matsalarka wurin kwana ce, ko kana so ku samu sirri ku da iyalinka, ko wani dattijo zai dawo hannunka, to sabon tayil ba zai yi maka komai ba.

A nan ne sabon ɗaki ke da bakin magana, kuma ban raina shi ba. Wanda ya taɓa tashi cikin dare ya ratsa falo da baranda don ya kewaya, ya san darajar banɗakin da ke taku biyar daga gado. Amma ka shiga aikin da sanin cewa ƙaramin gida za ka gina. Duk abin da gida ke buƙata shi ma yana buƙata: haƙa, harsashi, bulo, rodi, linta, rufi, silin, tagogi, wayarin, famfo, filasta, fenti. A ciki kuma akwai cikakken sabon banɗaki, da duk ƙa'idojin da na lissafa a sama.

Fara da awo. Babban gado mita 1.8 ne a faɗi, mita 2 a tsawo. Kana buƙatar kamar santimita 70 a kowane gefe don wucewa, kabad ɗin tufafi kuma zurfinsa santimita 60. Ɗaki mai mita 4 da mita 4 zai ɗauki wannan ba tare da matsi ba, murabba'in mita 16 ke nan. Banɗaki mai mita 2 da 2.5 ya ƙara 5. Haɗa da kaurin bango da ɗan lungun shiga, ka tasar wa murabba'in mita 25 zuwa 30. Kada ka bar wannan a takarda. Ɗauki igiya da turaku ka fita tsakar gida ka kafa su, ka bar su kwana uku kana zagaya su. Za ka ga abin da zai tafi: wurin ajiye mota, igiyar shanya, filin wasan yara, wata bishiya da ka saba da inuwarta. Za ka kuma ga wace taga sabon bangon zai toshe. Na sha shiga gidajen da aka ƙara ɗaki mai kyau, aka mayar da tsohon ɗakin da ke jikinsa kurkuku, ba haske ba iska, sai fitila da rana tsaka. An samu ɗaki ɗaya, an kashe ɗaya.

Wurin da ƙarin gini ya fi ba da ciwon kai shi ne mahaɗa, inda sabo ya jingina da tsoho. Tsohon ginin ya daɗe da zama, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta gama daddaluwa. Sabon kuwa yanzu zai fara nutsawa kaɗan-kaɗan. In aka ɗaure su tamau ba tare da lissafi ba, bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga tsaga ta miƙe daga ƙasa har sama daidai mahaɗar. Injiniya shi zai duba irin ƙasar, ya faɗi zurfin harsashi, ya ce ko a sarƙe ginin biyu da rodi ko a bar siririyar tazara a cike ta da abu mai laushi don kowanne ya motsa da kansa. Ƙasa mai yumɓu, wadda ke kumbura in ta sha ruwa ta tsuke in ta bushe, ta fi kowace buƙatar wannan kulawa. Rufi ma haka. Kwarin da ke tsakanin tsohon kwano da sabo nan ne ruwan rufi biyu ke taruwa, kuma nan ne ɗigar farko ke ɓullowa in kafinta ya yi ha'inci ko gaggawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙarin gini mahaɗa ce ke fara tsagewa.

Kankare ba ya son gaggawa. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka tsara masa, kuma yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda na farko. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe don hana danshi hawowa, a zuba maganin gara kafin a rufe ƙasa. Waɗannan abubuwa ne da in an wuce su an wuce ke nan, tun ran gini ran zane. Masu tunanin ɗora ɗakin a sama don su tsira da filinsu kuma, kada su aza ko bulo ɗaya sai injiniya ya tabbatar harsashin da ginshiƙan za su ɗauki nauyin. Ginin da aka yi don hawa ɗaya ba ya zama bene don maigida ya so. Ga matakala kuma, wadda za ta ci wani yanki na ƙasan da kake son adanawa.

Akwai abubuwan da ba su cikin zane amma suna cikin lissafi. A ƙasashe da yawa ƙarin gini yana buƙatar izinin hukumar tsara gari, akwai kuma tazarar da doka ta ce a bari tsakanin bango da iyakar maƙwabci ko titi. Gyaran cikin banɗaki sau da yawa ba ya kaiwa ga haka, sai in za a taɓa bango mai ɗauke da nauyi ko babban layin ruwa. Wanda ya yi gini ba izini yana iya fuskantar tara ko rusau, ko ya rasa mai saye ranar da ya tashi sayarwa. In gidan ba ya kan layin magudanar gari, ramin masai da sokawe an haƙa su ne daidai da yawan mutanen da aka zata, a wasu ƙasashe ma da adadin ɗakunan kwana ake auna girmansu. Ƙarin banɗaki na iya tilasta maka faɗaɗa su, kuma ba a gini a kansu. Akwatin rarraba wuta zai iya ɗaukar ƙarin hita da na'urar sanyaya ɗaki? Ruwa zai iso can ƙarshen gida da ƙarfinsa? Kowace amsa da kuɗinta.

Maganar kuɗi, ba zan kawo adadi ba don kowace ƙasa da kasuwarta, amma ma'aunin kusan ɗaya ne. In ka auna da murabba'in mita, banɗaki da kicin su ne mafi tsada a gida, don komai a cunkushe yake a ɗan wuri. In ka auna da jimla kuwa, sabon ɗaki mai banɗaki yakan ninka matsakaicin gyaran banɗaki sau biyar ko fiye. A duka biyun ka ware kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da ba a zata ba. A gyara, abin mamakin yana bayan bango. A sabon gini yana ƙarƙashin ƙasa, ko a kasuwa in farashin siminti da rodi ya tashi aikin yana tsaka. Tayil kuma ka sayo da rarar kashi 10 cikin 100, ka ajiye kwali ɗaya, domin bayan shekara biyu da wuya ka sake samun irin launin.

Kuɗin sabon ɗaki ba ya ƙarewa ranar da magini ya kwashe kayansa. Akwai gado da labule da kabad. Akwai ƙarin wutar sanyayawa ko ɗumamawa kowane wata, da ƙarin rufin da za a riƙa kula da shi, a wuraren da ake biyan harajin gida da inshora kuma su ma sukan tashi. Gyaran banɗaki akasin haka yake, yakan rage maka kuɗin ruwa da na kiran mai gyara. Ga mai tunanin sayarwa, rahotannin shekara-shekara da ake fitarwa a Amurka kan gyaran gidaje sun daɗe suna nuna cewa matsakaicin gyaran banɗaki yana dawo da kaso mafi girma na abin da aka kashe fiye da ƙarin babban ɗaki mai banɗaki, kuma babu ɗayansu da ya saba dawo da kuɗin duka. Gidan da ya fi duk na layinsu girma ba ya samun farashin girmansa, domin mai saye yana kallon unguwa kafin ya kalli ɗaki. Sai dai in gidanka ne kaɗai mai banɗaki ɗaya a cikin gidaje masu biyu da uku, to ƙarin na iya ɗaga shi zuwa sahun sauran. In za ka tashi nan da shekara uku ko huɗu, ni dai ba zan ba ka shawarar haƙa harsashi ba.

Abin da ya fi tsorata ni game da sabon ɗaki shi ne tsayawa a hanya. Gyaran banɗaki gajere ne, mako biyu zuwa shida an gama. Ƙarin ɗaki watanni ne, uku zuwa shida in komai ya tafi daidai, ban da jiran zane da izini. A cikin waɗannan watanni rashin lafiya na iya zuwa, aiki na iya tsayawa. Ginin da ya kai linta kuɗi suka ƙare ba ya amfanar kowa: rodi yana tsatsa a sama, ruwa yana kwanciya a ciki yana jiƙa tsohon bangon da aka jingina da shi, kuɗinka sun maƙale, tsohon banɗakin kuma yana nan yana yoyonsa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. In abin da ke hannunka bai kai ka ga rufi da ƙofa da taga ba, kada ka fara.

Ta fuskar zaman gida lokacin aiki kuwa, sabon ɗaki ya fi sauƙi, wannan gaskiya ce. Yawancin aikin a waje ake yinsa, sai a ƙarshe a fasa ƙofar da za ta haɗa su. Gyaran banɗaki ɗaya tilo kuwa yana nufin gida ba wurin kewayawa na makonni, ga ƙura har cikin kwanon abinci. Dole a tanadi na wucin gadi ko a ƙaura na ɗan lokaci, a sa wannan ma cikin lissafi tun farko.

Akwai yanayi guda da nake karkata ga sabon ɗaki ba tare da jinkiri ba, wato in akwai tsoho ko maras lafiya da matakala ko nisan banɗaki ke wahalar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Jiƙaƙƙen tayil da tafiyar dare cikin magagin barci haɗari ne na gaske. Ɗaki a ƙasa, ƙofa mai faɗin santimita 90, wurin wanka da ba shi da dakalin tsallakawa, tayil mai kaushi, ƙarfen dafawa da aka kafa cikin bango sosai, da filin mita 1.5 da keken guragu zai iya juyawa: irin wannan da wuya a matse shi cikin tsohon ƙaramin banɗaki. Ko kai da kake da ƙarfinka yau, in a gidan kake fatan tsufa, sa waɗannan tun yanzu. Faɗaɗa ƙofa a takarda kyauta ne.

Tsakanin zaɓin biyu akwai hanyar da ake yawan tsallakewa. In lurar da ka yi ta mako guda ta nuna layin safe ne matsalar, raba tsohon banɗakin gida biyu, masai da ƙofarsa, shawa da tata, sai mutum biyu su yi amfani da shi a lokaci guda. Ko ka yanki mita 1.2 da mita 2.4 daga wani babban ɗaki ko sito, ka fitar da ɗan ƙaramin banɗaki, musamman in yana bayan tsohon, bango ɗaya ya ɗauki bututun duka biyun. Babu harsashi, babu rufi, babu mahaɗa mai tsagewa. Ba zai ba ka wurin kwana ba, amma sau da yawa abin da mutane ke kira rashin ɗaki, in ka bincika, rashin banɗaki na biyu ne.

In kuma ka tabbatar duka biyun kake buƙata, jerin yana bin lafiyar tsohon banɗakin. Idan tsufa kawai ya yi, ba ya yoyo, bangonsa a bushe, fara da sabon ɗakin, in an gama ku koma amfani da sabon banɗaki ku fasa tsohon a natse. Idan kuwa yana jiƙa bango ko daɓe, shi ne farko, ko da hakan zai ɗage ɗakin da shekara biyu.

Na ƙanwata yana jiƙa bango, don haka shi suka fasa. Da aka ɗaga tayil aka tarar ruwan ya bi ta ƙarƙashin bango har ya fara cin ƙasan kabad ɗin ɗakin yara. Suka canza bututun duka, suka yi gwajin ruwa na kwana biyu, suka raba wurin gida biyu da ƙofa biyu. Mijinta ya sa mai aikin famfo ya bar reshen bututun masai da na ruwa a toshe a jikin bangon da ke kallon tsakar gida, daidai inda zanen sabon ɗakin ya nuna banɗakinsa zai zauna. Zanen yana cikin durowa, izinin ma sun fara nema. Da na je makon jiya na dafa bangon nan na baya, a bushe yake, turakun da suka kafa da igiya kuma suna nan a tsakar gida, yara suna tsallake su.